Jini Ko Niyya: Da Me Za a Hukunta Ɗan Wasan da Aka Kama da Ƙwaya?

A watan Yulin 2025 mutum biyu suka ɗaga kofin Wimbledon a birnin Landan, gasar da 'yan wasan tanis suka fi kwaɗayin ci: Jannik Sinner ɗan Italiya a ɓangaren maza, da Iga Swiatek 'yar Folan a ɓangaren mata. A shekarar 2024 an samu haramtaccen sinadari a fitsarin kowannensu. Ita an dakatar da ita wata ɗaya, shi wata uku, suka dawo fili suka kwashe kofuna. Gardamar da ta kaure a kan wannan har yau ba ta mutu ba. Wasu na cewa adalci aka yi, domin an bincika an gano ba da gangan abin ya shiga jikinsu ba. Wasu na cewa fuska aka duba, kuma da ƙananan 'yan wasa ne da sun shekara biyu ko huɗu a gida.

Ba a buga tanis a Tozai, haka nan Isa da Sabon Birni. Wasanmu na ƙarfi a ƙasar Gobir dambe ne da kokawa, waɗanda aka saba yi bayan kaka, in gero ya shiga rumbu, makaɗa su ɗaure kalangu, samari su fito dandali. Rashin tsaro ya rage wannan ƙwarai a 'yan shekarun nan, garuruwa da dama sun bar taron dare, amma sha'awar tana nan. Duk shekara in an buɗe gasar kokawa ta takobi ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka faro a Tawa a 1975, kunnuwan mutanenmu na kan rediyo, don Maraɗi ƙofar gida ce, Gobirawan Tsibiri kuwa danginmu ne. Kowa ya san abin da ake sha kafin shiga fage ya canza. A da rubutu ne da sassaƙe da saiwoyi. Yau an ƙara da tramol, wanda ake tallarsa a faranti ranar kasuwa. Don haka tambayar da ta raba masu kallon tanis ta iso ƙofarmu: in an kama ɗan wasa da ƙwaya, da abin da aka samu a jininsa za a auna hukuncinsa, ko da abin da ya ƙulla a zuciyarsa?

Ga yadda dokar take a yanzu. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, wadda aka kafa a 1999, kan fitar da jerin haramtattun sinadarai duk shekara. Tushen dokarta shi ne ɗan wasa ke ɗauke da alhakin duk abin da ya shiga jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Tun daga 2015, wanda aka kama da manyan ƙwayoyi shekara huɗu ne hukuncinsa, sai in ya iya nuna ba da gangan ya sha ba, a mayar da shi biyu. In ya nuna sakacinsa kaɗan ne a ƙara ragewa, in kuwa babu sakaci ko kaɗan ba a dakatar da shi, amma a soke abin da ya ci a gasar da aka kama shi. A wasan tanis hukumar ITIA ce ke gwaji da gurfanarwa tun 2022, wanda bai gamsu ba kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni da ke Lozan a ƙasar Suwizalan. Wato doka ta riƙe jini da hannu ɗaya, ta riƙe niyya da ɗayan, kuma kowane ɓangare na son ta saki guda.

Masu son a tsananta

Hujjarsu ta farko ita ce babu na'urar da ke gwada zuciya. Fitsari ana iya aunawa, niyya kuwa sai abin da mai ita ya faɗa, kuma da wuya a kama ɗan wasa ya ce ya sha. Kowa da labarinsa: wannan nama ya ci, wancan maganin barci, wancan kuma man shafawa. Suna kawo misalin Andre Agassi na Amurka, wanda aka samu ƙwayar maye a jikinsa a 1997. Ya rubuta wa hukumar 'yan wasan maza takarda cewa bisa kuskure ya kurɓi lemon wani yaronsa da aka zuba wa ƙwayar, aka yarda aka rufe maganar. Sai a 2009 shi da kansa ya fito ya ce ƙarya ya yi, da saninsa ya sha. Shekara goma sha biyu hukumar na riƙe da uzurin da mai shi ya san ba gaskiya ba ne. Lance Armstrong, ɗan tseren keke, ya yi shekaru yana rantsuwa yana maka masu zarginsa a kotu, kafin a ƙwace nasarorinsa bakwai na gasar zagaye Faransa a 2012, ya amsa laifi a 2013. Wanda ya ga irin waɗannan, in ji su, ba za a zarge shi ba in ya daina sauraron uzuri. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Hujja ta biyu ta fi kama mini hankali, domin tana tuna mutumin da ake mantawa da shi, wato abokin karawa. In an yi ta tausayin wanda aka kama, wa ke tausayin wanda aka kayar? Ɗan kokawar da ya kwana wata uku yana atisaye, ya bar gonarsa a hannun ƙannensa, ya shiga fage da ƙarfin tuwo kawai, aka kai bayansa ƙasa, shi ba ruwansa da yadda ƙwaya ta shiga jikin wanda ya kayar da shi. An cuce shi, ko da gangan ko da kuskure. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke irin wannan: wanda ya ɓata dukiyar wani zai biya, kuskure ba ya ɗauke masa ramuwa. In shanu suka faɗa gona da dare, mai gona ba ya tambayar ko makiyayi barci ne ya sace shi. Ɓarna ake kimantawa a biya. Suna ƙarawa da cewa ƙanƙantar abin da aka samu ba shaidar wanke kai ba ce, tunda ƙwayar da aka sha mako uku da suka wuce ɗan gurbinta kawai za a tarar yau, alhali jiki ya riga ya ci amfaninta.

Sai batun yaran gida. Sinner ya ce sinadarin clostebol ya shiga jikinsa ne ta hannun mai yi masa tausa, wanda ya yanke a yatsa, ya fesa wani magani da mai horar da jikin Sinner ya sayo a Italiya, sannan ya ci gaba da tausar babu safar hannu. Masu tsanantawa na cewa ko da hakan gaskiya ne, Sinner ne ya ɗauki mutanen nan aiki, shi ke biyansu, kuma kwalin maganin na ɗauke da tambarin gargaɗi ga 'yan wasa. In aka buɗe ƙofar ɗora laifi a kan yara, duk ubangida zai ajiye yaron da zai ɗauki laifi ranar da asiri ya tonu.

Masu adawa na amsawa

Su kuma da Simona Halep suke farawa. 'Yar Romaniya ce, ta taɓa zama ta ɗaya a duniya, ta ci gasar Faransa a 2018 da Wimbledon a 2019. An samu roxadustat a jikinta a gasar Amurka ta 2022, aka dakatar da ita a watan Oktoba na shekarar, aka yi ta ɗage shari'arta, sai a Satumban 2023 aka yanke mata shekara huɗu. A Maris 2024 kotun Lozan ta yarda cewa gurɓataccen abin ƙarin gina jiki ne ya jawo, ta mayar da hukuncin wata tara. Amma a lokacin ta riga ta zauna kusan shekara ɗaya da rabi. Ta dawo jiki ya ƙi, ta yi ritaya a Fabrairun 2025. Wa zai biya ta watannin da ta zauna fiye da ƙima? Rayuwar ɗan wasa a fili gajera ce. Shekara huɗu ga ma'aikacin ofis hutu ne mai tsawo, ga ɗan wasa kuwa sallama ce.

Suna cewa na'urorin gwaji na yau sun kai inda suke ganin abin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba, kuma abin da aka samu a jikin Sinner a wannan ma'auni yake. Swiatek maganin barci ta sha, irin wanda ake sayarwa a kantin magani a ƙasarsu, aka gwada shi aka tarar ya gurɓata da trimetazidine. In wannan zai faru da mai likitoci a Turai, ina ga saurayin da ya shiga kemis a Isa da ciwon jiki, aka ƙulla masa haɗin ƙwayoyi huɗu a leda, babu kwali babu suna? Ina ga wanda ya sayi jiƙo a gora daga mai magani, bai san abin da aka jefa a ciki don ya yi saurin aiki ba? Dokar da ta ce kai ke da alhakin duk abin da ya shiga jikinka an rubuta ta ne a ƙasashen da abin da ke rubuce a kwalba shi ne a cikinta. A kasuwarmu da jabun magani ya cika, dokar za ta zama tarko ga marar laifi.

Game da hujjar fiƙihu kuwa, sun ce an karanta rabi an bar rabi. Gaskiya ne kuskure ba ya ɗauke ramuwa, amma yana ɗauke uƙuba. Shari'ar da ta ɗora diyya a kan wanda ya yi kisan kuskure ita ce ta hana a yi masa ƙisasi. In a batun rai ma an bambance ganganci da kuskure, don me za a haɗe su a batun wasa?

Suna da wata hujjar da ba a cika amsa ta da kyau ba: iyakar haram da halal a wannan fage tafiya take yi. Sinadarin da ke cikin goro da gahawa yana cikin jerin WADA har zuwa 2004, sannan aka cire shi. Meldonium halal ne har ranar 31 ga Disamban 2015. Washegari ya haramta. Maria Sharapova ta Rasha, wadda ta ce ta shekara goma tana shansa bisa umarnin likita, an kama ta da shi a gasar Ostareliya a Janairun 2016, aka yanke mata shekara biyu, kotu ta mayar wata goma sha biyar. Shi kansa tramol sai ranar 1 ga Janairun 2024 WADA ta haramta shi a lokacin gasa. Abin da kwamiti ke sakawa yana cirewa bai kamata a hukunta mutum a kansa kamar ya yi sata ba, in dai ba a tabbatar ya nufi zamba ba.

Kuma akwai yara. Chika Amalaha tana da shekara 16 ta ci wa Najeriya zinariya a ɗaga nauyi a wasannin ƙasashe renon Ingila a Glasgow a 2014. Aka samu magungunan zubar da ruwan jiki a fitsarinta, aka ƙwace lambar, aka dakatar da ita. Yarinya mai wannan shekaru tana ƙarƙashin masu horarwa da jami'ai ne, amma sunanta kaɗai duniya ta riƙe.

Masu tsanantawa sun dawo

Nan ne suka juya hujjar abokan gardamarsu a kansu, kuma juyin ya yi ƙarfi. Suka ce: kun ce a duba niyya don a kare mai rauni, to ku dubi wanda duba niyyar ya amfana. An sanar da Sinner sakamakon gwajinsa, nan take lauyoyinsa suka gano tushen abin, suka shigar da ƙara, aka ɗage dakatarwar wucin gadi cikin 'yan kwanaki, ya ci gaba da wasa. Duniya ba ta ji labari ba sai a watan Agustan 2024, wata biyar bayan gwajin, ranar da aka ce an wanke shi. Ya ci gasar Amurka a Satumba. WADA ta ɗaukaka ƙara tana neman shekara ɗaya zuwa biyu, ya ci gasar Ostareliya a Janairun 2025, sannan aka sasanta a kan wata uku, daga 9 ga Fabrairu zuwa 4 ga Mayu. Ko ɗaya daga manyan gasa huɗu bai rasa ba, ya dawo daidai lokacin gasar Rum a ƙasarsu.

Sai su ajiye Tara Moore ta Birtaniya kusa da shi. Ba ta cikin manyan masu kuɗin wasan. An samu sinadaran gina tsoka a jikinta a Bogota ta Kolambiya a 2022, ta ce naman da ta ci ne, ta zauna wata goma sha tara kafin a wanke ta a ƙarshen 2023, sannan a Yulin 2025 kotun Lozan ta soke wankewar ta ɗora mata shekara huɗu. Fitaccen ɗan wasan tanis Novak Djokovic da kansa ya faɗa a farkon 2025 cewa yawancin 'yan wasan da ya zanta da su na ganin akwai fifiko. Ma'anar wannan, in ji masu tsanantawa, ita ce tabbatar da kyakkyawar niyya kaya ne na sayarwa: sai da lauya, da masanin kimiyya, da kuɗin kai kwalba ɗakin gwaji. Talaka ba shi da ko ɗaya. Hukunci guda ga kowa, marar sassauci, shi ne kaɗai wanda mai kuɗi ba zai iya saye ba.

Suna tunatar da mu kuma cewa masu zambar gaske suna nan, kuma a gidanmu. Blessing Okagbare an cire ta daga tseren mita 100 ana tsakar wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, daga baya aka yanke mata shekara goma, aka ƙara ɗaya. Ba gurɓataccen nama ba ne nata, shiri ne da aka bi sawunsa har ga mai kawo mata kayan.

Da suka zo kan dambe sai muryarsu ta canza, domin nan maganar ta wuce ta kofi. Ɗan tanis da ya sha ƙwaya ƙwallo yake duka. Ɗan dambe kan mutum yake duka, da hannun da aka naɗe da zare. Tramol maganin kashe zafin ciwo ne. Hukumar NAFDAC ta yarda da mai nauyin miligiram 50 da 100 ne kawai, bisa takardar likita, amma wanda ke yawo a kasuwa ya kai 200 da 225. Wanda ya haɗiye shi ba ya jin naushin da ya kamata ya sa shi durƙusawa. Zafi shi ne mai gaya wa ɗan dambe ya isa haka. In an kashe zafin, sai ya tsaya turmi bayan turmi yana karɓar dukan da ƙwaƙwalwarsa za ta biya daga baya. Ga farfaɗiya da yawan shansa ke kawowa, ga kamu da ba ya sakin mutum. A irin wannan fage, in ji su, tambayar niyya ɓata lokaci ce. Wanda aka samu da shi a fitar da shi, a daɗe ba a gan shi ba, don na baya su ji tsoro.

Amsar ƙarshe ta masu adawa

Sun yarda akwai fifiko, amma sun ce maganin rashin lauyan talaka shi ne a ba shi lauya. Zaluntar mai kuɗi ba ta rage wa talaka komai daga nasa zaluncin. Sun nuna cewa ƙungiyar 'yan wasan tanis da Djokovic ya kafa tare da wasu ta fara shirin samar da lauyoyi kyauta ga waɗanda ake tuhuma a 2025, kuma ta nan gyara zai zo.

A kan namu fagen kuwa tambayarsu mai sauƙi ce: wa zai yi gwajin? Babu ɗakin gwajin da WADA ta amince da shi a Najeriya ko Nijar, sai an kai fitsari ƙetare da kuɗi mai yawa. A Tokyo 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Najeriya aka hana shiga gasa, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta nema kafin tafiya ba. In haka ta faru da masu wakiltar ƙasa, wa zai bi ɗan damben da ke yawo tsakanin Sakkwato da Gusau da Kano? Ka dakatar da shi a wannan gidan dambe, gobe yana wancan, jibi ya tsallaka iyaka. Hukuncin da ba a iya zartarwa sai a kan wanda ba shi da gata, ƙarshensa ya zama sandar da masu gidan wasa za su riƙa dukan wanda suka ga dama da ita.

Sannan yawancin samarin nan ba don takobi suka fara shan tramol ba. Sun fara shi ne a gona, ko a kan babur ɗin haya, ko wurin dako, don jiki ya jure aikin da ya fi ƙarfinsa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramol da kodin suke sha. Ɗan damben da aka kama ɗaya ne daga wannan taro, mai ciwo ne kafin ya zama mai zamba. Ita kanta WADA ta gane haka a wani ɓangare: tun 2021, wanda aka samu da wiwi ko hodar iblis, ya nuna ba a lokacin gasa ya sha ba kuma ba don wasa ba, wata uku ne hukuncinsa, ya koma ɗaya in ya shiga shirin magani. In ka raba saurayi da fagen da ke ba shi suna da abinci na shekara huɗu, a yankin da daji ke kiran marasa aikin yi, ina ka tura shi?

Suna kuma tambayar inda za a ja layi tsakanin ƙwaya da gado. Ɗan dambe na shiga da laya da guru da kambu, wasu na yin tsaga a hannu a shafa magani, ɗan kokawa na wanka da abin da malaminsa ko kakansa ya ba shi. Babu mai cewa a hana waɗannan, su ne adon wasan. Amma jiƙon gargajiya ma sinadari ne, kuma ranar da aka kawo jerin WADA fagenmu ba tare da tacewa ba, za a kama mutane da abin da ba su taɓa jin sunansa ba.

Tankaɗe da rairaya

In aka zauna da hujjojin nan, za a ga ɓangarorin biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda hayaniyarsu ke nunawa. Babu mai hankalin da ke cewa wanda aka samu da ƙwaya ya riƙe abin da ya ci a ranar. Shi kansa Sinner, duk da wanke shi da aka yi da farko, an ƙwace kuɗi da makin da ya samu a gasar Indian Wells inda aka kama shi. A nan ina tare da masu tsanantawa ba tare da shakka ba: nasarar ranar haƙƙin abokin karawa ce, a mayar masa, kuma niyya ba ta da ta cewa. Takobi ko babur ko kujerar Makka da aka ci da ƙwaya a jiki ba a ci su ba.

Dakatarwa kuwa uƙuba ce, kuma a nan hujjar masu adawa ta fi nauyi a wurina. Ban ga yadda za a haɗa Okagbare da Swiatek a ma'auni ɗaya a kira shi adalci ba. WADA da kanta ta amince Sinner bai nufi zamba ba kuma abin bai ƙara masa ƙarfi ba. Sakacin ma'aikatansa aka hukunta shi a kai. Abin da ya ɓata wa mutane rai a shari'arsa, in aka duba da kyau, ɓoyewar wata biyar ne, da sasantawar da aka yi a ɗaki, da yadda ranakun hukuncin suka faɗa daidai inda ba za su yi masa ciwo ba, alhali Halep da Moore sun tsufa a layin jira. Wannan laifin masu riƙe da doka ne. Sai dai ba zan ɓoye ba, hujjar cewa kyakkyawar niyya sai mai kuɗi ke iya tabbatar da ita tana nan tsaye, kuma lauyan kyauta bai rushe ta ba tukuna. Muddin haka take, duk sassaucin da aka yi wa babba zai zama abin zargi ko da ya cancanta.

A dambe da kokawa ina ganin tambayar da ta fi gaggawa ita ce yaushe za a yi gwajin. Na tanis sai bayan makonni sakamakonsa ke fitowa. Wannan ba ya amfanar wanda aka riga aka fasa wa kai. Akwai ƙananan kayan gwajin fitsari masu nuna tramol cikin mintuna, kuma masu shirya babbar gasa da ke iya saka mota ko babur a matsayin kyauta ba za su kasa sayensu ba. Wanda ya nuna alama kada ya ɗaura zare a ranar, ko me ya kawo abin jikinsa, domin kare shi ake yi da abokin karawarsa. Wannan hukunci ne da sarkin dambe da alƙalan fage za su iya zartarwa a gaban jama'a, ba sai an jira Lozan ba. Irin wannan gwaji na gaggawa yana iya kuskure, shi ya sa bai isa a rataya wa mutum shekaru a kansa ba, amma ya isa a ce ya zauna yau.

Inda ban iya yanke hukunci ba shi ne abin da zai biyo bayan ranar. Saurayin da aka hana wasa sau ɗaya, ya dawo wata gasar aka sake samunsa da shi, ya ce jiƙon ubangidansa ne ya sha bai san abin da ke ciki ba, masu tsanantawa za su ce uzuri sau ɗaya ake karɓarsa, masu adawa su ce ubangidan za a kira. A tsarin dambe kowane shago yana da wanda ya ɗaura masa hannu, kuma yaro ba ya tambayar maigidansa abin da ke cikin ƙwarya. In aka dakatar da yaron an bar mai haɗa jiƙon, gobe wani yaron zai sha. In aka ce a kama ubangidan, sai an samu yaron da zai tsaya gaban sarkin dambe ya ambaci sunan wanda ya rene shi, kuma a Gobir wannan ba ƙaramin abu ake nema daga gare shi ba.